Ruwan da Aka Hana Liyatu

Ranar Litinin da safe, da aka idar da addu'ar gida, Mama Edith ta ɗauko filaya ta kwance kan famfon tsakar gida, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Ta kife faranti a bakin randa, ta ɗora dutsen niƙa a kai. Firij kuwa dama a ɗakinta yake, sai ta ja ƙofa ta murɗa mukulli. Duk wannan wahala saboda mutum ɗaya aka sha ta, kuma wadda aka yi domin ita tana tsaye da tsintsiya a hannu tana kallo.

"Liyatu, kwana uku ne kawai," in ji Mama Edith. "Ba ci, ba sha. Ba wai ban yarda da ke ba ne. Jiki ne ba shi da amana, shi ya sa na rufe."

Liyatu ta ce, "To, Mama."

Me za ta ce in ba to ba? Shekara goma ke nan tana cin tuwon gidan nan na Jambutu, kuma ba a taɓa bari ta manta ba. Mahaifinta Ephraim ƙanin maigidan ne, Baba Manasseh. Yana koyarwa a Mubi lokacin da Boko Haram suka shiga garin. Ita kaɗai ta iso Jimeta, rabi da ƙafa rabi a bayan tirela, tana 'yar shekara goma sha biyu. Da ƙodojin Othniel, babban ɗan gidan, suka daina aiki, aka gwada jinin kowa, nata da na ƙanwarsa Nancy suka dace. Nancy tana da saurayi, aka ce ba a tsaga cikin budurwar da ake shirin kai wa gidan miji. Liyatu ba wanda yake jiran ta, sai aka tafi da ita Kano, aka cire ƙodarta ta hagu aka dasa masa.

Wata bakwai aka yi ana murna. An yi godiya a coci, an ɗinka anko, an tsayar da Liyatu a gaban jama'a aka yi ta tafa mata har kunya ta kama ta. Mama Edith ta karɓi makirufo ta ce Allah ya gama aikinsa, su da gadon asibiti har abada. Sai ga shi a wata na takwas Othniel ya fara zaryar bayan gida. Aka ce ɗanyen mangwaro ne. Aka ce taifot ne. Kafin wata ya cika yana shiga sau goma a yini, yana fitowa dafe da bango, abin da ya bari a baya jini ne da majina. Cikinsa yana murɗawa har sai ya ciji filo. Kumatun da suka ciko bayan dashe duk suka zube. Baba Manasseh ya kai shi asibiti sau biyu, ya dawo da wata takarda a ninke cikin aljihu, da aka tambaye shi ya ce likitoci ne dai da dogon turancinsu.

Mama Edith ta tsorata, wannan kam ba ƙarya. Uwa ce, ta taɓa ganin ɗanta a bakin kabari, ga shi ana neman a mayar mata da shi can. Amma tsoron nata bai kai ta inda ya dace ba. Unguwar Limawa ya kai ta, wurin wata mai addu'a da take karɓar mutane a wani tsohon shago. Matar ta rufe ido ta yi tambaya guda: wadda ta ba da ƙodar, da zuciya ɗaya ta bayar? Nan take Nancy ta tuna. Ai ranar aikin, a ƙofar tiyata, Liyatu ta riƙe ƙarfen gado tana kuka tana cewa tana jin tsoro, a bar ta ta koma gida.

Shi ke nan an samu mai laifi. Mai addu'a ta ce kyautar da aka bayar da ƙyashi ba ta zama lafiya a jikin wanda ya karɓa, ita ce take cin hanjin yaron. Magani shi ne mai ƙodar ta yi busasshen azumi na kwana uku, ta wanke zuciyarta. Ba a gaya wa faston cocinsu ba, domin Mama Edith ta san sarai idan ya ji zai hana.

Abin da ya tsaya wa Liyatu a rai shi ne maganar likitan Kano ranar da za a sallame ta. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya ce ƙoda ɗaya tana iya riƙe mutum har tsufa, amma da sharaɗi biyu. Kada ta bari ƙishirwa ta kama ta, musamman a garinsu mai zafi. Kuma kada ta kuskura ta sha ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a kemis. Ya maimaita har sau biyu, ya sa ta faɗa da bakinta.

Ta sami Baba Manasseh ƙarƙashin dogon yaro yana goge takalminsa. Tun da ya yi ritaya daga sakatariya ba inda yake zuwa, amma kullum sai ya goge su. Ta durƙusa.

"Baba, likita ya ce kada in zauna ba ruwa."

Bai ɗago ba. "Likita ya ce, likita ya ce. Kwana uku ne fa, ba wata uku ba. Ni da kike gani na yi na kwana bakwai ina saurayi."

"Baba, lokacin kana da ƙoda biyu."

Hannunsa ya tsaya a kan takalmin. Ya waiga wajen kicin ya ga ko matarsa tana ji, sannan ya rage murya. "Liyatu, ki taimake ni. Gidan nan ba barci ba kwanciyar hankali. Ki yi mata abin da take so, hankalinta ya kwanta, sai mu san abin yi. Kin ji, 'yar ƙanina?"

Ta ce ta ji. Kullum idan yana so ta haɗiye wani abu mai ɗaci, sai ya tuna cewa ita 'yar ƙaninsa ce.

Wanda bai san Jimeta a watan Afrilu ba, bai san abin da aka nema daga yarinyar nan ba. Ƙarfe tara na safe kwano ya riga ya ɗau zafi, sha biyu siminti ba ya takuwa da ƙafa, iskar da take tasowa daga Binuwai ma da ɗuminta take zuwa. An ɗauke wuta tun jiya, fanka tana tsaye. Kuma azumi bai sauke mata aiki ba. Ita ce mai shara, ita ce mai guga da dutsen gawayi, ita ce kuma mai dafa ruwan Othniel. Likitoci sun ce ya sha tafasasshen ruwa gora uku a yini saboda ƙodar da aka dasa masa. Don haka sau uku a rana Mama Edith takan kwance bakin zani, ta mayar da kan famfo, ta tsaya a kan Liyatu har ta tara, ta tafasa, ya huce, ta ɗura. Sai ta ɗora a tire ta kai masa ɗaki.

Yinin farko ta jure. Ta yi ta addu'a da gaske, domin abin da ya fi komai ba ta tsoro shi ne kada maganar ta zama gaskiya. Ai ta yi kukan. Ai ta ce a bar ta. Har yau idan ta shafa tabon da ke gefen cikinta takan ji wani abu mai kama da baƙin ciki. Idan fa shi ne yake kashe yayanta, Hamma Othniel? Ta roƙi Allah ya cire mata shi, ko da ba ta san sunansa ba.

Ranar Talata da azahar ta shiga ɗakin Othniel da tire. Ɗakin yana warin ciwo. Yana kwance ya haɗa gwiwa da ƙirji, idonsa ya faɗa. Ya dubi leɓenta da ya tsattsage, ya kau da kai, ya sake dubawa.

"Liyatu, rufe ƙofa. Ki sha."

"A'a, Hamma. Mama za ta gani."

"Ba ta nan, ta je kasuwa. Ni ban yarda da wannan abu ba, wallahi ban yarda ba. Ƙarfin faɗa da ita ne ba ni da shi. Sha, don Allah."

Ta buɗe gorar. Niyyarta kurɓi ɗaya ne, amma maƙogwaro bai san da wannan niyya ba, kafin ta ankara ta kai rabi. Tana sauke gorar ta ga labule yana motsi, ga ƙafar Nancy tana komawa.

Da la'asar Othniel ya shiga bayan gida ya daɗe. Da aka ɓalle ƙofa aka same shi zaune a ƙasa, jini har kan siminti, fiye da na kowace rana. Mama Edith ta ɗora hannu a ka ta yi ihu, sannan ta juyo.

"Kin gani? Kin gani da idonki? Ke kika sha, shi ya zubar! Yarinyar nan, me muka yi miki? Mun ɗauke ki ba ki da ko takalmi. Mun sa ki makaranta. Abu ɗaya muka roƙa, kin bayar kina kuka, yanzu kuma kwana uku ya gagare ki!"

"Mama, ki yi haƙuri."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Gobe za ki fara daga farko."

Aka ba ta kofin kunu guda da yamma, wai a rufe azumin da ta ɓata. Ranar Laraba aka sake sabon lissafi. Othniel bai ƙara cewa ta sha ba. Shi ma jinin ya firgita shi, kuma mai tsoro ba ya tsayawa tantance abin da ya yarda da shi. Idan ta shigo da tire sai ya juya fuska bango. Gorunan ma Nancy ta sa musu alama da biro.

Laraba da rana kanta ya fara sarawa, bayanta na dama ya riƙe, daidai inda ɗayar ƙodar ta rage. Ta kasa miƙewa daga wurin guga. Mama Edith ta ce kada a ce ba ta da tausayi, ta aiki Nancy kemis ta sayo jajayen ƙwayoyi. Liyatu tana ganin su ta ja da baya.

"Mama, wannan ne likita ya hana."

"Likita Allah ne? Kowa a garin nan yana sha. Magani ba abinci ba ne, ba zai karya azumi ba. Biyu da safe, biyu da yamma. Haɗiye."

Ta haɗiye su a bushe, suka tsaya mata a wuya kamar tsakuwa. Ciwon ya lafa, Mama Edith ta ce, "Kin gani?"

Ranar Alhamis Liyatu ta shiga bayan gida ta tsuguna. Abin da ya fito bai cika cokali uku ba, kuma launinsa na baƙin shayi ne. Ta daɗe tana kallon sa. Ta dafa bayanta na dama da tafin hannu, ta danna a hankali, kamar mai son ta ji ko akwai mai rai a ciki.

Da ta fito zubar da shara a bayan gida, Goggo Hansai maƙwabciyarsu tana shanya a kan katanga. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, tun zuwan Liyatu unguwar take kiran ta 'yar Mubi. Ta saki zanin da ke hannunta.

"Innalillahi! 'Yar Mubi, me ya same ki? Idonki ya shige ciki."

"Azumi nake yi, Goggo."

"Wane irin azumi? Namu ya wuce, naku ma na ga kun yi Ista."

Kafin Liyatu ta amsa Mama Edith ta leƙo. Goggo Hansai ba ta iya ɓoye magana ba, ta ce, "Maman Othniel, ki ji tsoron Allah. Mu da muka yi wata guda, rana tana faɗuwa muke shan ruwa, kuma marar lafiya an ɗauke masa. Yarinyar nan ba ita aka yanka ba? A wannan zafin?"

Mama Edith ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Goggo, kowa da yadda yake roƙon Allahnsa. Ita ta sa kanta, don ɗan'uwanta. Ko ba haka ba, Liyatu?"

"Haka ne, Mama."

Da yamma Mama Edith ta gaya wa mijinta cewa maƙwabta sun fara sa ido. Ya ce ai gobe ne ƙarshe. Ya ƙara da cewa yarinyar tana da ƙarfi, wadda ta taka daga Mubi ba wannan ne zai kayar da ita ba.

Tafiyar Mubi kuwa ita ce ta dawo wa Liyatu ranar Juma'a da safe, amma ba yadda Baba yake nufi ba. A cikin ayarinsu akwai wata mata mai goyo. Kwana biyu ba su ga rijiya ba. Kowa yana gumi, ita sai guminta ya ɗauke, fatarta ta bushe ta yi zafi. Wani dattijo ya taɓa goshinta ya girgiza kai. Ba a yi nisa ba ta zauna a gindin wata ƙirya ta ce su je za ta biyo su, aka kwance mata goyon aka wuce. Liyatu ta shafa wuyanta. Ta shafa hammatarta. Ga rana tana dukan kwano, ga ta a gaban gawayi, amma ko ɗigon gumi babu. Tun jiya kuma ba ta yi fitsari ba.

Tsoro ya kama ta irin wanda bai kama ta ba ko a ƙofar tiyata. Can aƙalla akwai masu farin kaya da suke so ta tashi. Ta ja jiki zuwa ƙofar kicin.

"Mama, gumina ya ɗauke. Ina jin tsoro. Don Allah ko kofi ɗaya."

Mama Edith tana yanka kuɓewa. "Tsoron nan naki shi ya kawo mu nan. Ƙarfe shida za ki sha har ki gaji. Shaiɗan ya san an kusa, shi ya sa yake matsa miki. Ɗauki ruwan ɗan'uwanki ki kai masa."

Ta ɗauki tiren. Taku bakwai ne daga kicin zuwa ƙofar Othniel. A na huɗu tsakar gidan ya juya mata, ta ji ƙarar tire can nesa. Gora ɗaya ta fashe, ruwan ya malala a kan siminti ya zo har gefen fuskarta. Ba ta san ta buɗe baki ba, ba ta san tana lasar ƙasa ba.

Nancy ce ta fara ihu. Baba Manasseh ya taso da takalmi ɗaya a hannu ya tsaya yana cewa, "Kai, kai, kai." Mama Edith ta dubi agogon bango ta cikin taga.

"Ku ɗauke ta daga ruwan! Saura awa shida! Ku sa ta a inuwa ku yi mata fifita, za ta farfaɗo. Kada a ɓata wannan ma!"

Ihun ne ya shigo da Goggo Hansai, ko mayafi ba ta ɗauka ba. Ta ture Nancy, ta tallafi kan Liyatu, ta ɗaga fatar idonta. Ta dubi Baba Manasseh daga sama har ƙasa.

"Kai ne namijin gidan nan ko kuwa? 'Yar ɗan'uwanka ce fa take mutuwa a gabanka! In ba ka tsayar da keke napep yanzu ba, wallahi zan tara muku Jambutu kaf."

Wannan ce ta motsa shi, maganar tara jama'a. Aka tsayar da keke biyu, domin Othniel ya rarrafo har bakin ƙofa ya ce shi ma a tafi da shi, ya gaji, ko zai mutu ya mutu a asibiti.

Liyatu ta farka ta ga ledar ƙarin ruwa tana ɗiga cikin hannunta, an sa mata robar fitsari, jakar da ke rataye a gefen gado babu komai a ciki. Bayan kwana biyu ma babu. Ƙafafunta suka kumbura, numfashinta ya yi nauyi. A rana ta uku Likita Jalo, wanda yake duba masu ciwon ƙoda, ya sa aka kira mutanen gidan bakin gadonta. Mutum ne mai sanyin magana, amma ranar bai tsaya gaisuwa ba.

"Baba, ba kai na zaunar a ofishina mako uku da suka wuce ba? Ba mun sa wa ɗanka kyamara mun duba hanjinsa ba? Na ce maka kumburi ne da gyambo a babban hanji. Na ce yakan taso wa wasu bayan dashe, wani lokaci ma cikin magungunan da suke sha ne wani yake tayar da shi. Na ce a kawo shi mu kwantar, mu gyara maganin. Na ce maka ƙodar lafiyarta ƙalau. Da Hausa na faɗa, na kuma rubuta. Ina takardar?"

Baba Manasseh ya kai hannu aljihu, ya fasa. "Na gaya wa mamansa."

Liyatu ta juya ido ta dubi Mama Edith. Ashe ta sani. Tun kafin ta kwance kan famfo ta sani.

"Na ji, likita," in ji Mama Edith, ko kunya babu. "Kun ba ciwon suna. Amma me ya kawo shi? Wannan ba aikinku ba ne. Kuma mun riga mun tsaya a gaban coci mun ce ya warke. Mu dawo mu kwanta a nan, mutane su ce me?"

Likita Jalo ya juya ga gadon Liyatu. Sannan ya ce rashin ruwa da ƙwayoyin da aka ba ta sun yi wa ƙodar Liyatu mummunan rauni. Yau za a fara yi mata wankin ƙoda. Wataƙila ta farfaɗo cikin makonni, wataƙila ba za ta farfaɗo ba.

"Idan ba ta farfaɗo ba," in ji shi, "sai dashe. A fayil na ga jinin mutum biyu ne ya dace da na Othniel, ke nan akwai wadda ya kamata mu fara gwadawa. Wa zai ba ta?"

Baba Manasseh ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Nancy ta matsa bayan uwarta.

"Nancy bikinta a Disamba ne," in ji Mama Edith. "Allah zai yi wata hanya."

Da yamma aka tura Liyatu ɗakin wanki. Ta san ɗakin sarai. Shekara guda ta yi tana rako Othniel nan, tana riƙe masa jaka, tana zaune a benci tana kallon jininsa yana zagaya cikin roba. Ma'aikaciyar jinyar ta gane ta, ta buɗe baki za ta yi gaisuwa, sai ta ga a kan keken marasa lafiya take, ta rufe bakin. Gadon da ke kusa da taga aka ba ta, wanda Othniel ya fi so.

Shi Othniel an kwantar da shi mako biyu, aka canza masa magani ɗaya, aka ƙara wani. Jinin ya tsaya, zaryar ta ragu, ya fara cin tuwo. An gaya masa ciwon yakan lafa ya dawo, sai ya riƙa zuwa ana dubawa. Mama Edith ba ta ji wannan ɓangaren ba. Lahadin da ya biyo bayan sallamarsa ta sake karɓar makirufo, ta ce an yi azumi a gidanta, Allah ya amsa. Jama'a suka ce amin da ƙarfi. Ba ta faɗi wanda ya yi azumin ba, ba wanda ya tambaya, da aka nemi Liyatu kuma aka ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita.

Ba za a ce mutanen gidan nan dodanni ba ne, kuma abin da ya fi ban tsoro ke nan. Suna addu'a kowace safiya. Sun riƙe marainiya shekara goma, kowa a unguwa shaida ne. Sai dai a cikin shekarun nan goma ba ranar da suka ɗauke ta a matsayin wadda za a iya rasawa a yi kuka. Da aka buƙaci ƙoda, ita ce. Da aka buƙaci mai laifi, ita ce. Har yau Baba Manasseh yana cewa shi bai taɓa ɗaga mata hannu ba, Nancy tana cewa ita gaskiya kawai ta faɗa, Mama Edith tana cewa duk uwar da take wurinta abin da za ta yi ke nan. Othniel kaɗai ne ba ya cewa komai. Idan ya ji motsinta a tsakar gida sai ya rufe ƙofarsa.

Wata uku ke nan yanzu. Damina ta sauka, Binuwai ta cika ta batse. Litinin da Alhamis Liyatu takan hau keke ta tafi wanki, Goggo Hansai ce take raka ta idan ƙafar tsohuwar ta bari. Duk safiya takan shiga bayan gida da ɗan kofin awo, ta fito ta ɗaga shi a haske tana duba ko ya ƙaru. Bai ƙaru ba tukuna. Saboda haka Likita Jalo ya yanka mata ƙa'ida: rabin ƙaramar gora a yini, har da na shan magani, har da romon miya. Ya ce idan ta wuce haka ruwan ba shi da hanyar fita, huhunta zai tafi.

An mayar da kan famfo tuntuni. An ɗauke dutsen niƙa daga bakin randa, an fito da firij falo. Jiya da rana Liyatu tana zaune a dakalin kicin, ta riga ta shanye rabonta na yini tun kafin azahar, harshenta ya manne. Mama Edith ta buɗe randa ta ɗebo moɗa cike, ta sha ta ƙoshi, ragowar tana zuba ta gefen bakinta. Ta lura da idon da yake bin ta. Sai ta sake ɗebowa ta miƙo, da muryar nan mai taushi da take yi idan akwai baƙi.

"Sha mana, 'yata. Wa ya hana ki?"

Liyatu ta dubi ruwan yana rawa a cikin moɗa. Ta haɗe hannayenta biyu a tsakanin gwiwoyinta ta matse su, don kada ɗaya ya miƙa.